Jiminar Da Ta Saba Da Gudun Mutum

Shafi na 19

Na karanta duk abin da kuka rubuto a ƙarƙashin shafin jiya, har da wadda ta ce in na bari aka kashe tsuntsuwar nan ba za ta ƙara kula ni ba. Ban iya amsa muku ɗaya bayan ɗaya ba, ku yi haƙuri. Ga inda muka tsaya.

*

"Zan sake tambayarki, Malama, don Likita ya zama shaida."

Darakta ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur. Fankar ofishin na juyawa a hankali, tana kaɗa gefen taswirar gandun dajin da ke manne a bango.

"Tun daga ranar da aka ƙyanƙyashe jiminun nan har ranar da kika sake su cikin daji, sun taɓa ganin fuskar mutum?"

"A'a, yallaɓai."

"Muryar mutum fa?"

"A'a."

"Har da Lamba Tara?"

A wurin aiki Malama ake ce mata, mai kula da renon jiminu. A gida kuwa Yaya ce. Ita da kanta ta kafa dokar da ake tambayarta a kai: duk tsuntsun da za a mayar daji ba ya ganin fuska, ba ya jin magana, ba a sa masa suna sai lamba. Mai ba su abinci sai ya shige cikin wata riga mai kama da buhu tun daga kai har ƙafa. Ta taɓa korar ma'aikaci saboda ya yi fito a bakin shinge.

Ta dubi yatsun hannunta.

"Har da ita, yallaɓai."

Tsohon likitan dabbobin da ke zaune a gefe ya gyara zama, kujerar ta yi ƙara.

"Ni dai akwai abin da ya ɗaure mini kai. Na je asibiti na ga leburan hanyar nan. Ƙugunsa ya karye saboda ramin da ya faɗa, wannan gaskiya ne. Amma a jikinsa babu ko ƙwarzane. Jimina in ta yi niyyar mutum, shuri ɗaya take farke masa ciki. Shi kuwa cewa ya yi ya ruga ne zai kama motarsu, sai ya gan ta a gefensa, ta jera da shi. Ya ƙara wuta, ta ƙara. Da ya faɗa ramin, sai ta tsaya a baki tana leƙensa kamar mai cewa tashi mana."

"Likita, ba wasa muke yi ba."

"Ni ma ba wasa nake ba, yallaɓai. In sabo ta yi da mutane, ba muguwa ba ce, sakarya ce. Sakarya kuwa mayar da ita cikin shinge ake yi, ta ƙare rayuwarta tana cin abincin kyauta kamar ni. Muguwa ake harbewa."

"Ai ka ji da kunnenka. Wadda ta rene ta ta ce ba ta saba da kowa ba." Darakta ya mayar da tabarau. "Masu aikin hanya sun ce ba za su koma ba sai an kawar da ita. Ba zan jira ta kashe wani ba. Kafin rana ta faɗi, Maharbi ya gama da ita."

Ya dubi Yaya, muryarsa ta yi laushi.

"Na san ba daɗi. Ba laifinki ba ne, Malama."

Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi.

A baranda Likita ya tarar da ita tana ta ƙoƙarin buɗe ƙofar ofishinta da makullin mota.

"'Yata, wannan ba zai buɗe ba ko za ki kwana."

"Au. Na gode, Baba Likita."

"Leɓenki ya bushe. Je ki gida ki sha ruwa."

Kallon da ya yi mata ne ya bi ta har mota.

*

Gidan ma'aikata ne, ɗaki biyu da falo, a bayan ofisoshin. Ta tarar da Umma a falo tana ninke riguna, ƙaninta Auta kuma na zaune a ƙasa yana murza kwalba a ƙarƙashin dunduniyar da aka yi wa aiki shekara uku da suka wuce. Jakarsa a buɗe: takalman gudu, fitilar goshi, gorar ruwa, rigar sanyi. Gobe zai hau jirgi zuwa gasar gudun tsallake duwatsu, ta farko tun da jijiyarsa ta tsinke.

"Ga uwar tsuntsaye nan," in ji Umma ba tare da ta ɗago ba. "Ki zo ki yi wa ƙaninki magana. Mutum zai je inda ake ƙanƙara, wandon da ya ɗauka ko gwiwa bai kai ba."

"Umma, gudu zan yi, ba zaman makoki ba."

"Allah ya shirye ka. Ɗaya na shiga buhu tana kukan tsuntsu da digirinta, ɗaya na gudu ba abin da ya koro shi. Ni dai na haifa."

Auta ya yi dariya, ya ɗaga kai, sai dariyar ta tsaya.

"Yaya, lafiya?"

"Lafiya."

"Wannan fuskar ba ta lafiya ba ce."

Ta zauna a hannun kujera, ko jaka ba ta sauke ba.

"Jiminar da ta bi leburan nan jiya. An gane ta. Za a harbe ta yau."

"Wacce a ciki?"

"Lamba Tara."

Kwalbar ta kuɓuce daga ƙarƙashin ƙafarsa, ta gangara har ƙarƙashin tebur.

"Gwaggo?"



"Wace gwaggon taku?" Umma ta ajiye rigar da ke hannunta. "Gwaggonku tana gidanta lafiya lau, jiya ma muka yi waya."

Auta ya rufe fuska da tafukansa, ya daɗe a haka, sannan ya matso ya durƙusa a gaban yayarsa kamar lokacin da yake ƙarami in ya fasa wani abu.

"Yaya, zan faɗa miki wata magana. Ki bari in kai ƙarshe, sannan ki yi mini duk abin da kika ga dama."

Ta gyaɗa masa kai.

"Lokacin da aka cire mini filasta, likitan ƙafa ya ce in riƙa taka yashi mai laushi. Kin san duk wurin nan tsakuwa ne. Babu yashi sai layin da ke bayan shingen tsuntsayenki. Na san an hana. Na ce sau ɗaya kawai, da sassafe, ba wanda zai gani."

Ya ci gaba, idonsa a ƙasa.

"Ina tafe da sanda sai na ga wata 'yar mummuna, duk wuya da ƙafa, tana bina ta cikin waya. In na tsaya ta tsaya. In na tafi ta tafi. Wallahi Yaya har ɗingishina take kwaikwaya. Tafiyarta sak ta Gwaggo in ta ɗauko kwando, shi ya sa na..."

"Kai dai ba ka da ta ido," in ji Umma a hankali, amma babu dariya a muryarta.

"Washegari na koma. Ranar da na yar da sanda, ita ce shaida. Ranar da na fara sassarfa, tana gefena. Sauran ba su taɓa kula ni ba, in sun gan ni ma can ƙurya suke komawa. Ita kaɗai. Yaya, na yi gudu a hamada har farcen ƙafata ya fita, na yi a kan ƙanƙara tare da mutanen da ko yarensu ba na ji, ban taɓa samun abokin gudu irinta ba. Tana iya tsere wa mota, amma ba ta taɓa wuce ni ba. In na gaji sai ta rage, tana kallona ta gefen ido."

Ya ƙara sunkuyar da kai.

"Mutumin nan ba hari ta kai masa ba. Ta ga yana gudu ne, ta ɗauka ni ne. Ni na karya shi, Yaya. Ni na ɓata miki aikinki ina cin abincinki, ina kwana a gidanki. Ki je ki faɗa musu. Ki ce ƙaninki ne, kin yarda da shi ya ci amanarki, ke ba ki sani ba."

"Na sani."

Ya ɗago.

"Me?"

"Na sani, Auta."

"Kin san me?"

"Duka."

Ta sauke jakar a ƙasa. Ba ta iya kallonsa ba, sai ta kalli kofunan gasarsa da ke jere a kan kantar falon.

"Wata safiya famfon tanki ya ƙi aiki, na hau sama in duba. Daga can ana ganin layin gaba ɗaya. Na gan ka da sandarka, na gan ta. Na buɗe baki zan daka maka tsawa, sai na ji kana dariya."

"Yaya..."

"Tun da aka sauko da kai daga jirgi a keken marasa lafiya ban ji dariyarka ba. Umma na kai maka abinci tana dawowa da shi yadda ta kai. Kofunan nan ka juya su suna kallon bango. Wata rana na shigo na tarar kana kallon silin, na yi maka magana har na gaji ba ka san na shigo ba. Tsoro nake ji, Auta. Ba na ƙafarka ba."

Ta share hanci da bayan hannu.

"Sai na sauko daga tankin a hankali kamar ɓarauniya. Washegari na canza wa ma'aikata tsari, na tura su ɗaya gefen da safe, don kada wani ya gan ka. Na ce wa kaina mako ɗaya ne, in ka ɗan warware zan hana. Mako ya wuce. Ka fara cin abinci. Na ce wani makon."

Auta ya koma da baya ya zauna daɓas.

"Ke nan ni ina laɓe-laɓe, ke kina share mini hanya."

"Eh."

"Kika sake ta cikin daji kin san haka?"

"Na ce in ta shiga cikin 'yan'uwanta za ta manta."

"Kin yarda da hakan?"

"Na so in yarda."

Sai kuma wani abu ya faɗo masa. Ya ƙura mata ido.

"To in kin sani, me ya sa za a harbe ta? Wadda ta saba da mutane ai ba a kashe ta, ke kika faɗa mini. Ba su tambaye ki ba?"

"Sun tambaye ni."

"Kika ce me?"

Ta kawar da kai.

"Yaya, kika ce me?"

"Na ce ba ta taɓa ganin kowa ba."

"Innalillahi."

Ya miƙe, ya je bakin taga, ya dawo.

"Ke? Ke da kika mare ni a gaban abokaina don na harbi ƙadangare da danƙo? Kwana biyu kunnena na ƙara!"

"Ka saurare ni. In na ce ɗaya ta saba da mutum, ba wanda zai yarda sauran ba su saba ba. Duka za a kamo su. Za a rufe shirin. Ƙwayayen nan a kan cinyata na ɗauko su cikin akwati, daga wata ƙasa, a motar da ko kujerar kirki babu, duk ramin da muka faɗa sai na ji kamar cikina ne ya fashe. Jiminu sun ƙare a dajin nan tun kafin a haife mu, yanzu ne suka fara dawowa. Ga ma'aikata da iyalansu. Na ce gara ɗaya ta tafi sauran su tsira."

"Sauran kika zaɓa, ko kujerarki?"

"Auta!" in ji Umma.

"A'a Umma, bar shi." Yaya ta ɗago, idanunta sun yi ja. "Tun daga ofis nake yi wa kaina wannan tambayar. Ban sani ba. Wallahi ban san wanne ba ne."

Umma ta ɗauki wata riga ta ninke, ta warware, ta sake ninkewa.

"Ku biyu kuna ta kukan tsuntsu. Bawan Allahn da ke kwance fa? Yana da iyali?"

"Matarsa na zaune a bakin gadon. Da na je dubiya jiya ta tashi ta ba ni kujerarta. Ta yi ta gode mini, Umma. Har addu'a ta yi mini, wai Allah ya bar mu da masu tausayi irina."

Umma ta girgiza kai. Ta daɗe tana shafa rigar da tafin hannu.

"Ni ma ba zan wanke kaina ba. Wa ke wanke takalman nan? Kullum da jan yashi a ƙasansu, wata rana har da gashin tsuntsu a igiya. Na san inda jan yashi yake a wurin nan. Na ga yarona na cin abinci, na zubar da ruwan wankin na yi shiru."

Su uku suka zauna, kowa na kallon wani wuri daban.

Wayar Yaya ta yi ƙara. Likita ne. Ta danna ta yadda kowa zai ji.

"'Yata, an gan ta. Tana filin da ke bayan busasshen rafi, kusa da inda ake aikin hanya. Darakta da kansa ya fita tare da Maharbi."

"Yanzu? Ai ya ce kafin faɗuwar rana."

"To rana ce ta yi masa nisa. Ni dai na ɗauko bindigar allurar barci, ko da yake ba wanda ya ce in ɗauko. Sai dai kin san halinta, allurata ba ta cin nisa, ita kuma tsuntsuwar ba ta yarda mota ta matso."

Ya yi tari.

"Da a ce akwai wanda zai iya janyo mini ita kusa, da na kwantar da ita ba jini. Ban ce akwai ba. Tsufa ne, ina magana ni kaɗai."

Ya kashe.

Kafin ta ajiye wayar, Auta ya riga ya zaro takalma daga jaka yana ɗaure igiya.

"Ƙafarka," in ji Umma. "Filin nan duk ramuka ne. Gobe jirginka."

"Umma, ƙafar ai ita ta ba ni."

Ya dubi yayarsa.

"In na yi gudu a gaban Darakta ta biyo ni, ba sai kowa ya yi magana ba, kin gane ko? Ba zan yi miki haka a bayan idonki ba. In kin ce in zauna, zan zauna. Amma ki dube ni ki faɗa."

Ta dube shi. Ta dubi Umma. Ta sunkuya ta ɗauki makullin mota.

*

Tun daga nesa suka hango motocin biyu a kan tudu. Ƙasa da su fili ne shimfiɗe, ciyawa ta bushe ta kai ƙugu, can tsakiya wani dogon wuya mai ruwan toka ya miƙe yana juyawa. Maharbi ya kwanta a kan rufin mota, ya ɗora bindiga a kan buhun yashi. Likita na jingine da ƙofa yana goge gilashin idonsa da gefen riga.

Darakta ya haɗe rai da ya gan su.

"Malama, ai da kin zauna a gida don kada ki gani. Wannan kuma me ya kawo shi da gajeren wando?"

"Yallaɓai, ka ce wa Maharbi ya dakata."

"Saboda me?"

Ta ji Auta a bayanta, yana numfashi a hankali.

"Na yi maka ƙarya da safe."

Likita ya daina goge gilashi.

"Lamba Tara ta saba da mutum. Tun tana ƙarama take gudu da ƙanina a bakin shinge. Na gani da idona, na rufe. Ni na canza tsarin ma'aikata don kada a gane. Ba ta kai wa kowa hari ba, yallaɓai. Abokin gudu take nema."

Darakta ya daɗe yana kallonta. Ba fushi ta gani a fuskarsa ba, kuma hakan ya fi ciwo.

"Ni na tsaya miki a gaban hukuma lokacin da kowa ke cewa shirin nan ɓarnar lokaci ne."

"Na sani, yallaɓai."

"Ɗazu na ce miki ba laifinki ba ne. Kika bar ni na faɗa."

Ta sunkuyar da kai.

"Kin san abin da zai biyo baya?"

"Na sani."

"To ta yaya zan san yanzu ne kike faɗin gaskiya? Mai ƙarya da safe tana iya yi da yamma don ta ceci tsuntsuwarta."

"Ka ba ni dama in nuna maka, yallaɓai," in ji Auta. "Zan sauka in zaga ta can, in yi gudu in wuce ta gabanta, in nufo wancan dutsen. Baba Likita ya laɓe a bayansa. Za ta biyo ni har gabansa."

"In ta shure ka fa?"

"Ba za ta yi ba."

"Yaro, ni na sha shurinsu," in ji Likita yana saɓa bindigarsa. "Har yau in hadari ya haɗu haƙarƙarina ne ke fara sanar da ni. Amma mu je."

Darakta ya ɗaga kai ya dubi rufin mota.

"Maharbi, kada ka sauke. In ka ga abin da bai yi maka ba, ka sanar da ni."

Auta ya taɓa kafaɗar yayarsa sau ɗaya, ya gangara. Likita ya bi ta gefen rafin yana sunkuye, yana haki, har ya ɓace a bayan dutsen.

Yaya ta ɗora madubin hangen nesa a ido. Tana ganin farar rigar Auta na ratsa ciyawa, ya yi nisa, ya zaga, ya tsaya. Ya girgiza ƙafafu kamar yadda yake yi kafin kowace gasa. Sai ya fara gudu.

Dogon wuyan ya juya.

Na ɗan lokaci ba ta motsa ba. Sai ta buɗe fukafukai, ta yi wani tsalle a karkace kamar yarinyar da aka dawo mata da uwarta daga tafiya, ta zubo da gudu. Ƙura ta tashi a bayanta. Tana isa kusa da shi ta rage, ta daidaita takunta da nasa, ta biyo shi a baya kaɗan, wuyanta na lilo.

"Ikon Allah," in ji Darakta a hankali.

Hawaye suka cika wa Yaya ido har madubin ya dushe. Ta sauke ta goge da mayafi, ta mayar.

Sai ta ga ciyawa ta motsa a daidai inda Lamba Tara ta taso.

Wani abu baƙi ƙirin ya miƙe. Ya ci gaba da miƙewa. Fukafukai farare a baki, wuya ja kamar an zuba masa jini. Namiji ne, ƙato, babu zoben lamba a ƙafarsa, ba renon kowa ba ne, daga wani dajin ya ratso. A ƙasansa, cikin ramin yashi, ta hango farare-farare a jere.

Ƙwai.

Shi ya sa ta ƙi barin filin nan. Gida ta yi. Auta kuma ya ratsa ta gaban gidan a guje.

Namijin ya sauke wuya, ya baje fukafukai, ya taho. Wannan ba gudun wasa ba ne, kuma ba zai rage ba.

"Auta!" Ta yar da madubin. "Auta, kwanta! Kwanta a ƙasa!"

Iska ta kwashe muryar ta mayar mata. Ko da ya ji ƙarar taku a bayansa ba zai juya ba, ta san haka. Kocinsa ya cire masa waiwaye tun yana ɗan makaranta, da kunne yake auna na bayansa. Duk abin da ya ji yanzu zai ɗauka Gwaggo ce. Ga shi har ya ɗaga hannu ɗaya sama yana kaɗawa, murna yake.

Dutsen da Likita yake da sauran nisa.

"Yallaɓai!" Muryar Maharbi ta sauko daga rufin mota, idonsa na kan bindiga. "Baƙin zai cim masa kafin dutse."

"To harbe shi!"

"Sun jeru a layi ɗaya. Macen ta tare mini shi. In ban fara kayar da ita ba, ba zan same shi ba."

Darakta ya juyo. Fuskarsa ta yi fari.

"Malama, ke kika san su. In ya kai kansu, macen za ta tare shi, ko za ta kauce ta bar masa yaron?"

Ba ta sani ba. Duk karatunta, duk shekarunta a cikin buhu, ba ta sani ba.

A can ƙasa baƙin ya cinye rabin tazarar. Lamba Tara na nan a bayan Auta, tana lilo da wuya, ba ta wuce shi ba.

Maharbi ya ɗora yatsa a kan kunamar bindiga.

"Malama," ya ce, "ba ni da lokaci. In harbe ta?"